Tagar da Na Yi wa Dattijo

Masu cika min akwatin saƙo da tambayar ina na shiga, ga ni. Ban yi ciwo ba, wayata ma lafiyarta ƙalau, hannuna ne ya ƙi rubutu. Yau zan gaya muku abin da ya faru tsakanina da Injiniya, kuma don Allah duk wadda ta san za ta rubuto min "ki yi haƙuri, haka Allah ya tsara" ta bari sai ta kai ƙarshe. Na san haka ne. Sanin bai hana ni kuka a banɗakin ofis ba.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni: ina aiki a wani kamfanin rarraba kaya, a sashen kwamfuta. Sashen ma suna ne kawai, mu biyu ne, ni da Injiniya, a wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda inda esi, abin sanyaya ɗaki, ba ya hutawa, don na'urori aka kunna shi, ba don mu ba. Teburinsa yana kallon bango, nawa yana kallon ƙofa, taku biyu ne tsakaninmu. Kullum ina cikin rigar sanyi mai ruwan toka a kan doguwar rigata, shi kuwa farar shat ce da ya naɗe hannunta zuwa gwiwar hannu, kamar sanyin bai san da shi ba.

Na ukunmu a ɗakin shi ne Dattijo. Ba mutum ba ne, wani dogon fayil ne na umarni da Injiniya ya rubuta shekara tara da suka wuce. Shi yake buɗe wa sabon ma'aikaci asusun shiga kwamfuta, ya rufe na wanda ya bar aiki, ya canza kalmar sirrin wanda ya manta tasa, ya kwashe kwafin takardun kamfani ya adana. Matsalarsa ɗaya, ba shi da fuska. Baƙin allo ne za ki zauna gabansa ki rubuta masa abin da kike so harafi bayan harafi, kin kuskure ɗaya ya yi kamar bai taɓa ganinki ba. A duk kamfanin ni da Injiniya kaɗai muke jin yarensa.

Injiniya kuwa bakin nan nasa kamar an ɗinke. "Ina kwana, Malama." "Sai gobe, Malama." In ya ƙara kalma ta uku a rana, to wata na'ura ce ta mutu. Amma a cikin Dattijo akwai wasu layuka da ake farawa da 'yar alamar nan mai kama da raga, na'ura tana tsallake su ba ta karantawa, don mutane ake rubuta su, a bar wa na baya bayani. Wata rana na buɗe fayil ɗin zan gyara wani abu, sai na ga a can sama:

# Malama, akwai biskit a durowar ƙasa. Na ga ba ki fita cin abinci ba.

Na juya na kalli ƙeyarsa. Ko motsi bai yi ba. Na rubuta a ƙasa:

# Na gode. Amma biskit ɗin ya girmi Dattijo.

Can na ga kafaɗarsa tana rawa. Daga ranar muka samu falon hirarmu. Shekara guda cur, mutumin da ba ya iya haɗa ido da ni ya ba ni labarin mahaifiyarsa, da tsoron da yake yi wa karnuka, da yadda ya faɗi jarrabawa sau biyu, duk a layukan da na'ura ba ta karantawa. Kalmar so dai bai taɓa rubuta ta ba. Ni kuwa, kunya ta bar ni in faɗa muku, na riga na zaɓa mana kalar labule.

A gida kuma Mama ta sako ni gaba da maganar Mai Kemis. Ɗan ƙawarta ne, kantin maganinsa yana bakin titinmu, kuma wallahi ba ni da abin da zan faɗa a kansa na aibu, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Kowace safiya ƙarfe bakwai saƙonsa zai shigo: hoton fure, da "Barka da safiya ranki ya daɗe, kar a manta da karin kumallo." Baba ya yi mura, kafin mu nema ya aiko magani. Ni dai in na ga sunansa a waya ji nake kamar an miƙo min ruwan ɗumi ina jin ƙishi.

"Wai shi na ofis ɗin naku me ya ce?" Mama ta tambaye ni ranar, tana ninke kayan wanki a kan gadona, ni ina cire ɗankunne a gaban madubi.

"Bai ce komai ba tukuna."

"Shekara ɗaya?"

"Mama, shi ba mai yawan magana ba ne."

Yaya, babbar yayata, da ta zo wuni da 'ya'yanta, ta leƙo daga ƙofa da cokali a hannu. "To ta ina kuke soyayyar? Ta wayar wuta?"

"A rubuce muke hira."

"A waya?"

"A cikin... wani fayil."

Yaya ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Mama ba ta yi ba. Ta ajiye zanen da ke hannunta ta ce, "Babanku ya ce ba zai matsa miki ba, amma ba zai bar ɗan mutane yana safa da marwa a banza ba. Nan da ƙarshen wata, ko ki ce wa naki ya zo su gaisa, ko ki ba wannan amsa. In a'a ce ma ki faɗa, a sallame shi."

Na ce to. A raina na ce wata guda ai ya isa dutse ma ya yi magana.

A makon ne aikin tagar ya taso. Wata rana mun fita mu biyu gyara a rumbun kaya, Sakatariya ta manta kalmar sirrinta, ta zauna awa huɗu tana kallon bango. Manaja ya kira mu ya ce shi ba zai yarda kamfani ya dogara da abin da mutum biyu kaɗai suka iya ba. A yi wa Dattijo taga irin ta kowace manhaja, mai maɓallai, wadda ko Sakatariya za ta danna ta yi aiki. Injiniya ya ce, "Malama za ta yi. Ta fi ni ido." Ranar da murna na koma gida.

Doka ta farko da ya koya min tun makona na farko ita ce ba a gwaji a kan na ainihi. Don haka ban ma tambaya ba, na ɗauki kwafin Dattijo na kai cikin foldata, da sunansa da komai, na fara aiki a kansa. Ku riƙe wannan, ni ban riƙe ba.

Aikin ya shiga raina. Na zana tagar a takarda tukun: maɓallai huɗu manya a hagu, Sabon Ma'aikaci, Canza Kalmar Sirri, Adana Kwafi, Rufe Asusu. A dama wurin rubuta suna. Kowane maɓalli na ɗaura shi da sashen Dattijo da yake wannan aikin. Kwana uku na yi ina fama da wata matsala: in na danna Adana Kwafi, tagar sai ta sandare, ta yi fari fat har sai an gama, wanda bai sani ba zai ce ta mutu ya yi ta dannawa. Da ƙyar na gano yadda zan tura aikin ya riƙa gudana a bayan fage, na sa wata 'yar sanda tana cika da kore a hankali don mutum ya san ana kai. Da ta cika a karon farko sai da na yi tafi ni kaɗai.

Na rubuta masa a saman fayil:

# Ka ga sandata? Ka yaba ko in yi fushi.

Washegari babu amsa. Na ce aiki ne ya yi masa yawa. Na sake rubutawa:

# Baba ya ba ni zuwa ƙarshen wata a kan wata magana. Ina son shawararka.

Shiru. Kwana uku, kwana biyar. Mutumin yana nan taku biyu daga ni, ina jin ƙarar kibod ɗinsa. Wani lokaci in ya tashi ɗibar ruwa sai ya ɗan tsaya a bayana, ya kalli allona inda Dattijo yake buɗe, ya kalle ni kamar mai jiran wani abu, sannan ya wuce. Ni kuma in ɗaure fuska, don a ganina wanda ya karanta irin wannan saƙon ya yi gum, ba shi ya kamata a yi wa murmushi ba. Biskit ma ya daina zuwa.

Sau ɗaya ya ja kujera kusa da ni, ranar da nake haɗa maɓallin Rufe Asusu. Na yi masa ɗan akwatin tambaya da yake fitowa kafin a rufe: Ka tabbata? E ko A'a.

"Ki mayar da hasken kan A'a," ya ce, idonsa a kan allo. "Wanda ya danna cikin gaggawa kar ya yi ɓarna."

"To."

"Kuma in mutum ya yi minti ɗaya bai taɓa komai ba, akwatin ya rufe kansa, a ɗauka a'a ce."

"Ko da tunani ya tsaya yi?"

Ya miƙe. "Wanda yake so yana dannawa, Malama. Ba a ɗaukar shiru a matsayin izini."

Na bi shi da kallo har ya koma teburinsa. A raina na ce, to ai na ji, ka ba ni amsata ke nan.

Abu na ƙarshe da na ƙara shi ne jeri a ƙasan tagar, mai nuna asusun da aka sa wa ranar rufewa, don Sakatariya ta riƙa gani. Wannan bayanin da can yana ɓoye a cikin babbar na'ura, sai an tambaya yake fitowa, ni kuma ban taɓa samun dalilin tambaya ba. Ranar Laraba da hantsi na haɗa jerin da na'urar, na danna. Suna ɗaya ne ya fito. Sunan Injiniya, Juma'a, ƙarfe biyar na yamma. Dalili: barin aiki.

Na rufe tagar na sake buɗewa, wai ko kuskurena ne. Ina ma a ce ban iya aikina ba.

"Injiniya," na ce, ban juya ba. "Na ga sunanka a jeri."

Kibod ɗinsa ya yi shiru. "E. An ba ni aiki a wani gari."

"Allah ya sanya alheri."

"Amin." Can ya ƙara, a hankali, "Zama a ɗaki ɗaya ba zai yi mana daɗi ba yanzu, ni da ke. Na fahimci komai, kuma ban ga laifinki ba."

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Wato ya karanta saƙonnina, ya gane na mutu a kansa, shi ne yake tausaya min har zai bar min garin. Na miƙe na gyara mayafina na tafi banɗaki, na kunna famfo don kar a ji.

Ranar Alhamis da yamma na tarar da Baba a falo yana shan shayi, rediyo a gefensa. Na durƙusa kusa da kujerarsa, ban ko cire jakata ba.

"Baba, na amince da Mai Kemis."

Ya rage muryar rediyon. Ya kalle ni ta saman tabarau. "Na ofis ɗin fa?"

"Babu wani na ofis, Baba. Ni ce na yi ta shirmena."

"Kin tabbata? Ni ban ce dole ba. In kina son ƙarin lokaci ki faɗa, don in na ba mutane magana ba na janyewa."

"Na tabbata."

A gabana ya ɗauki waya ya kira mahaifin Mai Kemis. Mama ta rungume ni a kicin tana sa min albarka, hannunta duk kumfar sabulu. Kafin magariba saƙo ya shigo: furanni uku, da "Alhamdulillah. Ba zan taɓa ba ki dalilin nadama ba." Na yarda da shi kuwa. Na kifa wayar a kan katifa.

Juma'a na sa baƙar doguwar riga da mayafi ruwan ƙasa, ko hoda ban shafa ba. Ƙarfe huɗu da rabi Manaja da Sakatariya suka shigo ɗan ɗakinmu ganin taga, Sakatariya tana ta rawar sanyi tana cewa mu dai ba mutane ba ne. Na nuna musu maɓallan. Ta canza kalmar sirrinta da hannunta, ta yi shewa. Sandar kore ta cika, Manaja ya gyaɗa kai.

"Saura wannan jan," in ji Manaja. "Rufe Asusu. Mu gani."

"Babu wanda za a gwada da shi, Yallaɓai," na ce.

"Ga nawa," Injiniya ya ce daga bayanmu. "Ai saura minti ashirin dama."

Na danna sunansa. Akwatin ya fito, hasken yana kan A'a kamar yadda ya koya min. Hannuna ya tsaya. Ina ji a raina in na bar shi minti ɗaya zai rufe kansa, kowa ya ce na'ura ce. Amma mutum uku suna tsaye a kaina, ɗaya daga cikinsu kuma shi ne wanda nake ganin ya gama raina ni. Na matsar da hasken, na danna E. Tagar ta rubuto: An rufe. Allon da ke teburinsa ya koma wurin neman kalmar sirri.

"Madalla," in ji Manaja. "Aiki ya yi kyau."

Injiniya ya zuba makullai da katin shiga a durowarsa, ya ɗauki kofinsa da 'yar jakarsa. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Tagar ta yi kyau, Malama. Ki kula da Dattijo."

"Allah ya kiyaye hanya."

Shi ke nan sallamar shekara guda.

Saura aiki ɗaya kafin in tashi: in ɗauki kwafina in ɗora a kan Dattijo na ainihi, don tagar ta zauna dindindin. Na ba da umarnin, sai na'ura ta tsayar da ni, wai an canza na ainihin bayan ranar da na ɗauki kwafi, in duba bambancin tukuna. Na yi tsaki. Na ɗauka wani gyara ya yi bai gaya min ba. Na buɗe su gefe da gefe, nawa a hagu, nasa a dama.

A hagu saƙonnina ne, su bakwai, a jere, babu amsa ko ɗaya. Sai a lokacin na ga inda na rubuta su. A cikin kwafina, a cikin foldata. Injiniya yana da makullin kowace folda a kamfanin nan, amma shekara tara bai taɓa leƙa ta wani ba, ni da kaina na sha yabonsa a kan haka. Ni kuma kullum ina sa na ainihin aiki daga baƙin allo, amma mako uku ban buɗe cikinsa na karanta ba.

A dama, da kwanan watan washegarin ranar da na ɗauki kwafin:

# Malama, bakina ba zai iya ba, shi ya sa na zo nan.
# An ba ni aiki a wani gari, sun ba ni kwana goma in amsa.
# Ba na son tafiya. Ina son in zo in gai da Baba, in kin yarda.
# In e ce, ki rubuta E a ƙasan nan, zan ce musu ba na zuwa.
# In na ga shiru na gane, kuma ba zan sake tayar da maganar ba.

Ƙarƙashinsa, bayan kwana huɗu:

# Na ga kina buɗe fayil ɗin kullum. Ki yi tunaninki, ba gaggawa.

Sai na ƙarshe, rana ta goma:

# Na gode da ba ki kunyata ni da baki ba.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na fita baranda da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, mai gadi ya ce ai ya fi minti ashirin da hawa mota. Na dawo na ɗauki wayata, na kira lambarsa, ita kaɗai ce nake da ita tun da na fara aiki. Ta shiga. Sai na ji wani abu yana kuka a cikin ɗakin. Na ja durowarsa: makullai, katin shiga, rabin fakitin biskit, da wayar ofis tana haske da sunana a jiki, Malama. Shekara guda muna hira a fayil, ban taɓa tunanin in karɓi lambarsa ta gida ba.

Na san abin da za ku ce. Lambarsa tana cikin takardun Sakatariya, Litinin in tambaya. Na yi wannan tunanin kafin ku. Amma ku gaya min me zan ce masa, bayan Babana ya ba mutane magana a gabana, da bakina, bayan ya tambaye ni ko na tabbata.

Na koma na zauna a kujerata. Esi yana ta aikinsa. Na kai hannu ƙasan layinsa na ƙarshe, na sa 'yar alamar, na rubuta:

# E

Na adana. Na'ura ta karɓa ba ta ce komai ba, dama ba ta karanta irin waɗannan layukan. Mutum biyu ne a duniya suke buɗe cikin Dattijo, ɗayan kuma ni na rufe masa ƙofa da hannuna ƙarfe biyar saura.

Wayata ta yi ƙara a kan tebur. Mama ce: "Ki taho da wuri, tela ya kawo ɗinkin da za ki sa, ki gwada. Gobe da hantsi iyayen Mai Kemis za su zo."